Gidan Tarauni da Wasiyyar Alhaji Maje

Akwai wani dattijo a Gyadi-Gyadi da ake kira Alhaji Maje. Kayan gini yake sayarwa, siminti da rodi da kwanon rufi, kuma duk wanda ya saba bin titin Zariya ya san jerin shagunansa. Matarsa ɗaya, Hajiya Safara'u. 'Ya'yansu uku: Abdullateef ne babba, sai Fauziyya da take koyarwa a makarantar sakandare, sai autansu Usaid da yake jami'a.

Alhaji yana da amini, Malam Isyaku, limamin masallacin layinsu. Shi ne kuma yake jagorantar wata gidauniya da take kula da marayu da matan da mazajensu suka rasu. Alhaji yana da wani babban gida a Tarauni da babu kowa a ciki, sai ya ba gidauniyar aro. Da safe mata su koyi ɗinki, da yamma yara su yi karatun Islamiyya.

Abdullateef kuwa ko sunan Malam Isyaku ba ya son ji, kuma abin yana da asali.

Shekarun baya, lokacin da ya sayi motarsa ta farko, wani tsohon direban adaidaita sahu ya goge masa ita a ƙofar masallaci bayan sallar la'asar. Tsohon ya sauko yana ba da haƙuri, amma Abdullateef ya ɗauke shi da mari har hularsa ta faɗi a kwata. Malam Isyaku ya riƙe masa hannu, ya yi masa faɗa a gaban mutane, sannan ya aika aka kira mahaifinsa. Da Alhaji ya zo ya ji abin da ya faru, sai ya sa ɗansa ya durƙusa a gaban tsohon ya nemi gafara, jama'a suna kallo.

Kowa ya manta da wannan magana. Abdullateef bai manta ba. Ya daina sallah a masallacin, kuma ya sha gaya wa abokansa cewa akwai ranar da limamin nan zai gane shi ba sa'ansa ba ne.

Ana nan, sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Alhaji. A makonnin farko hankalinsa ya rikice ƙwarai, ba ya gane mutane. Fauziyya ce ta ɗauki hutu ta tare a gida tana taimaka wa mahaifiyarta jinya. Abdullateef yana Abuja kan harkar kwangila, kullum sai ya ce gobe zai taho. Da ta gaji da roƙonsa, sai ta ɗauki bidiyon mahaifinsu a wayarta ta tura masa shi kaɗai, don ya ga halin da ake ciki ya dawo gida. Ta roƙe shi ya goge da zarar ya gani.

Allah da ikonsa Alhaji ya farfaɗo. Hankalinsa ya dawo, ya koma zuwa masallaci da sanda, har yakan zauna a shago ya yi ciniki. A wannan lokacin ne ya ce ya leƙa kabari ya dawo, ba zai ƙara jinkiri ba. Ya kira shaidu biyu ya rubuta wasiyya cewa idan ya rasu, gidan Tarauni ya zama na gidauniyar marayu.

Bayan wasu watanni ciwon ya dawo, wannan karon bai sake shi ba. A cikin wannan kwanciya ta biyu ne Abdullateef ya ɗauki mahaifinsa a mota ya ce asibiti za su. Ashe ofishin lauya ya kai shi, aka riƙe masa hannu ya sa hannu a takardar cewa ya ba babban ɗansa shagunan titin Zariya kyauta. Fauziyya ta so ta yi magana, Hajiya ta hana ta. Ta ce ba za a yi rigimar dukiya a kan mutum yana numfashi ba.

Alhaji ya rasu ana gab da azumi, aka kai shi makwancinsa a maƙabartar Tarauni.

Ranar da aka karanta wasiyya a falon gidan, dangi sun cika. Ana ambaton gidan Tarauni da sunan gidauniya sai Abdullateef ya miƙe, ya nuna Malam Isyaku da yatsa.

"Ka wulaƙanta ni a gaban jama'a, ban ce komai ba. Yanzu kuma ka lallaɓo ka cinye gidan ubana da sunan marayu. Wallahi sai na fitar da kai daga gidan nan, kowa yana gani."

Malam Isyaku bai ɗaga murya ba. Ya ce shi bai nemi gida ba, bai kuma san da wasiyyar ba sai bayan an rubuta ta. Ya ce in akwai shakka, ga malamai, ga kotu, a je a duba.

Kotun aka je. Abdullateef ya shigar da ƙara a kotun shari'ar Musulunci yana neman a soke wasiyyar.

Da farko lauyansa ya ce gidan ya haura kashi ɗaya cikin uku na dukiyar mamaci, wanda shi ne iyakar abin da Musulmi zai iya yin wasiyya da shi. Alƙali ya sa aka kimanta dukiyar, aka ga gidan bai kai ba. Wannan ƙofa ta rufe.

Dattawan unguwa suka shiga tsakani. Ƙanin Alhaji ya zo daga Hotoro ya zaunar da shi, ya ce abin da ya samu ya ishe shi har jikokinsa, ya bar wa mahaifinsa wannan guzuri. Abdullateef ya ce shi ba gidan ne ya dame shi ba, ko ƙona shi aka yi bai damu ba, muddin bai zauna a hannun Malam Isyaku ba.

Sai ya koma wajen lauyansa ya tambaye shi ko akwai sauran hanya. Lauyan ya ce saura guda ɗaya: a tabbatar wa kotu cewa Alhaji ba ya cikin hankalinsa lokacin da ya yi wasiyyar. Amma ya gargaɗe shi cewa hanya ce mai ƙaya, don dole a buɗe sirrin rashin lafiyar mahaifinsa a bainar jama'a. Abdullateef ya ciro wayarsa ya ajiye a kan tebur. Bai taɓa goge bidiyon nan ba.

Ranar zaman, kotun ta cika, har da matan gidauniya a bencin baya. Hajiya Safara'u ta fita takaba, ta zo tare da Fauziyya da Usaid. Babu wanda ya san abin da aka shirya.

Aka kunna bidiyon a kwamfuta, aka juya ta kowa yana gani. Ga Alhaji Maje, mutumin da ba a taɓa ganinsa ba hula ba, zaune a gado da singileti, miyau yana zuba a gemunsa. Yana kiran matarsa Inna, yana zaton mahaifiyarsa ce, yana kuka kamar yaro wai a kai shi gona kada babansa ya doke shi.

Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Usaid ya tashi ya fita. Fauziyya kuwa ba ta yi kuka ba, ta kafe yayanta da ido har aka kashe kwamfutar.

Alƙali ya juya ga Abdullateef ya tambaye shi tun yaushe hankalin mahaifinsa ya gushe, kuma ko ya taɓa dawowa.

"Ranka ya daɗe, tun kwanciyarsa ta farko bai ƙara sanin abin da yake yi ba har ya koma ga Allah. Duk takardar da aka miƙa masa sa hannu yake yi."

Alƙali ya maimaita tambayar, ya ce ya yi tunani kafin ya amsa. Abdullateef ya maimaita amsarsa, magatakarda ya rubuta. Aka kawo Sani, tsohon direban Alhaji, wanda Abdullateef ya yi wa alkawarin mota, ya ba da shaida irin wannan. Aka kuma miƙa takardar asibiti ta lokacin kwanciyar farko.

Fauziyya ta tashi ta ce mahaifinta ya warke sarai kafin ya yi wasiyya, duk unguwa ta gan shi a masallaci. Amma cikin shaidun wasiyyar biyu, ɗaya ya rasu, ɗayan kuma ɗan kwamitin gidauniyar ne, lauyan Abdullateef ya ce yana da amfani a cikin maganar. Ya ƙara da cewa in har za a ci gaba da jayayya, zai nemi a kira ma'aikatan jinya su faɗi yadda ake yi wa Alhaji wanka da sauya masa shimfiɗa, kuma a sake kunna bidiyon a kowane zama.

Malam Isyaku ya nemi a ɗage shari'ar. Ya tara kwamitinsa da iyayen marayun ya gaya musu halin da ake ciki. Ya ce haƙƙinsu ne, ba zai yafe shi da bakinsa shi kaɗai ba, kuma akwai mutanen unguwa da yawa da suke shirye su zo su yi shaida. Wata dattijuwa a cikinsu, Inna Asabe, ta ce Alhaji ya rufa musu asiri yana da rai, ba za su zama sanadin tona nasa ba yana kabari. Sauran suka goyi bayanta.

A zama na gaba Malam ya shaida wa kotu cewa gidauniya ta janye, ba za ta kawo wani shaida ba. Alƙali ya yanke hukunci bisa abin da ke gabansa: an karɓi cewa mamaci ba ya cikin hayyacinsa tun kwanciyarsa ta farko har rasuwarsa, saboda haka wasiyya ta ɓaci, gidan Tarauni ya koma cikin gado.

Abdullateef bai ko jira a raba gadon ba. Washegari ya ɗebo 'yan dako ya tafi Tarauni. Aka riƙa fito da kekunan ɗinki ana jerawa a bakin titi, da allunan yara da tabarmi da bencina. Mata suna tsaye da goyo suna kallo, masu shaguna sun fito. Da Malam Isyaku ya iso, Abdullateef ya sa sabon kwaɗo a ƙofar, ya jefa makullin a aljihu, ya matso kusa da shi.

"Malam, ka tuna ƙofar masallaci? To yau ga jama'a, su ma su kalla."

Malam ya ce masa Allah ya shirye shi, ya sunkuya ya kama kan wani keke ya taya matan ɗorawa a kura. Aka raba kayan gida-gida a Unguwa Uku da Ƙauyen Alu, karatun yara ya koma rumfar masallaci.

Da yamma Abdullateef ya shiga gidan mahaifiyarsa yana fara'a. Hajiya ba ta fito daga ɗaki ba. Fauziyya ce ta tare shi a tsakar gida.

"Yaya, don ka zo ka ga Baba na tura maka bidiyon nan, ba ka zo ba. Sai ka ajiye shi ka nuna wa duniya. Ka rama abin da Malam ya yi maka, ko? To saura ni. Sai na rama wa Baba."

Ya yi dariya ya ce ta koma ajinta ta ci gaba da cin alli.

Fauziyya ta juya ta bar shi a nan. Ta je kotu ta nemi kwafin hukuncin da na bayanin da yayanta ya yi da bakinsa. Ta sayar da sarƙarta ta aure ta ɗauki lauya. Ta je jami'a ta sami Usaid, ya ce yana tare da ita ko ina za a je. Hajiya ta kira ta ta ce ta bari, jini ɗaya ne. Fauziyya ta ce ta bi maganarta ranar da aka ɗauki Baba aka kai shi ofishin lauya, ga abin da shirun ya haifar, wannan karon ta yi mata afuwa. Hajiya ba ta ce ta je ba, ba ta kuma sake hana ta ba.

Sammaci ya sami Abdullateef a shago yana tsaye a kan masu sauke siminti. Ƙannensa biyu suna neman kotu ta soke kyautar shagunan titin Zariya, ta mayar da su cikin gado.

Ya garzaya wajen lauyansa. Lauyan ya karanta takardar ya ajiye, ya ce da ya gaya masa tun farko yadda aka yi aka samu shagunan nan, da bai bar shi ya faɗi abin da ya faɗa ba. An yi kyautar ne bayan wasiyya, a lokacin da ciwon ya fi tsanani. In mutum ba shi da hankalin ba da gida ga marayu, ba shi da hankalin ba da shaguna ga ɗansa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

A gaban alƙali Abdullateef ya yi ƙoƙarin juya magana. Ya ce mahaifinsa yakan farfaɗo jefi-jefi, kuma ranar da ya yi masa kyautar yana cikin hankalinsa sosai. Alƙali ya sa magatakarda ya karanta masa kalamansa na baya, kalma bayan kalma, har inda ya ce duk takardar da aka miƙa wa Alhaji sa hannu yake yi. Sannan ya tambaye shi wanne ne gaskiya a cikin maganganun biyu. In ta farko ce, kyauta ta ɓaci. In ta biyu ce, to ya yi wa kotu ƙarya, kuma wannan tana da nata hukuncin.

Abdullateef ya duba lauyansa, lauyan yana kallon ƙasa. Ya waiwaya ya ga Fauziyya tana kallonsa kamar yadda ta kalle shi ranar bidiyo. A ƙarshe ya ce maganar farko ce gaskiya.

Aka soke kyautar. Shagunan suka koma cikin gado, aka raba komai yadda shari'a ta tanada. Da aka zo rabo, Hajiya da Fauziyya da Usaid suka roƙi a haɗa musu wani ɓangare na kasonsu a gidan Tarauni. Aka yi haka. A ranar suka mayar da shi wakafi ga gidauniyar, ladan ya tafi ga Alhaji, a gaban shaidun da babu mai iya sukarsu. Fauziyya da kanta ta kira mai walda ya yanke kwaɗon da yayanta ya sa.

Abdullateef ya sami kasonsa na gado, babu wanda ya tauye shi. Amma manyan shagunan da yake taƙama da su sun faɗa hannun Usaid, shi ya koma wani ƙaramin shago a lungu. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne sunan da ya bi shi. Tsofaffin abokan cinikin mahaifinsa suka daina sayen kaya a wajensa. Wani daga cikinsu ya gaya masa ido da ido cewa wanda bai rufa wa ubansa asiri ba, ba za a ba shi amanar kaya ba. In ya shiga ɗaurin aure a Gyadi-Gyadi sai hira ta tsaya. Sani direba ma da bai ga motar da aka yi masa alkawari ba, ya bi majalisa-majalisa yana faɗin yadda aka shirya shaidar.

Fauziyya ba ta huce ba. Da ta ji abin da Sani yake faɗa, ta ce za ta koma kotu a tuhumi yayanta da shaidar zur, sai ta ga an ɗaure shi. A nan ne Hajiya ta tsaya tsayin daka. Ta ce abin da Alhaji ya so ya tabbata, marayu sun koma gidansu, duk abin da za a ƙara a kan wannan ba don Alhaji ba ne, don zuciyarta ne. Ta ce ta ga inda irin wannan zuciyar ta kai ɗanta ɗaya, ba za ta zuba ido ta kai na biyu ba. Malam Isyaku ma ya aiko da irin wannan magana. Da ƙyar Fauziyya ta haƙura, amma har yau gaisuwa ce kawai tsakaninta da yayanta.

Bayan babbar sallar shekarar da ta biyo Abdullateef ya zo gidan mahaifiyarsa da hantsi. Ya rame, gemunsa ya yi furfura. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakinta ya ce ya zo neman gafara. Hajiya ta dube shi, carbi a hannunta.

"Ni na haife ka, Abdullateef, nawa na yafe tun ba ka roƙa ba. Amma ba ni ka tsiraita a gaban mutane ba. Wanda ka yi wa yana maƙabartar Tarauni. Je ka roƙe shi, in zai amsa maka."

Ya tashi ya fita. Masu gadin maƙabartar sun ce sun gan shi a ranar, tsaye a kan kabarin cikin rana, yana magana yana share hawaye. Ya daɗe yana jira kamar mai sauraron amsa. Da aka kira sallah ya juya ya fita shi kaɗai.

Darasi: Mai ramuwa yakan ɗauka abokin gabarsa yake sara, alhali reshen da yake zaune a kai yake yankewa. Kada ƙullin zuciya ya sa ka taɓa haƙƙin maraya, ko ka tsaya tsakanin mamaci da alherin da ya tanadar wa kansa. Wasiyyar da ba ta saɓa wa shari'a ba amana ce a wuyan magada. Sannan ka kiyaye mutuncin iyayenka suna raye da bayan ransu, domin mai rai ana iya ba shi haƙuri, wanda ya tafi kuwa sai dai addu'a. Jama'a, ku tura wa 'yan'uwa da abokai wannan labari, musamman gidajen da ake shirin rabon gado, wataƙila ya sa wani ya sauke fushinsa tun bai yi abin da ba ya gyaruwa ba. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya raba mu da zuciyar ramuwa.